Kilematis a Kano: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abin da Ke Hana Shi Fure

Koken masu kiwon furanni a Kano game da kilematis kusan iri ɗaya ne: ya yi ganye, ya yi yaɗo, ya kama igiya ya hau, amma fure shiru. Wasu daga tafiya aka kawo musu shi a 'yar tukunya, wasu kuma iri suka saya ta intanet bayan sun ga hotonsa ya lulluɓe katangar wani gida a Ingila. A jikin takardarsa za ku ga an rubuta Clematis. Yawancin shawarwarin da ake karantawa a kansa don ƙasashen sanyi aka rubuta su, kuma akwai waɗanda idan aka bi su ido rufe a nan, su ne ma za su hana shi fure. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Mene ne kilematis, kuma ina ne asalinsa?

Tsiro ne mai yaɗo da hawa, daga dangin Ranunculaceae, kuma nau'o'insa na daji sun haura 300. Mafi yawansu a wuraren da ake sanyin hunturu suke: ƙasar Sin, Japan, Turai da Arewacin Amurka. Masu manyan furannin nan da ake gani a hoto, waɗanda faɗinsu ya kai tafin hannu ko ya fi, ba na daji ba ne. Masu lambu ne suka yi ta haɗa nau'o'i a Turai tun ƙarni na 19 har suka fito da su. Wanda ake kira Jackmanii, mai launin shunayya, a garin Woking na Ingila aka haɗa shi a 1858, ya fara fure a 1862. Nelly Moser, mai ratsin ruwan hoda, daga Faransa ya fito a 1897.

Afirka ma tana da nata. Clematis hirsuta yana fitowa da kansa a dazuzzukan ƙasashe da dama har da Najeriya, Clematis brachiata kuma a kudancin nahiyar. Furanninsu ƙanana ne, farare ko ruwan madara.

Tsakani da Allah, zai iya yin fure a Kano kuwa?

Ya danganta da nau'in da kuke da shi, kuma ba zan ce muku abu ne mai sauƙi ba. Matsala ta farko rashin sanyi. Kilematis na ƙasashen sanyi yana zubar da ganye ya kwanta hutu na watanni, kuma sanyin da ke cika masa wannan hutun shi ne wanda ya sauka ƙasa da digiri 7. Sai ya sami wannan sannan idanun da ke jikin tsohon kara su farka da ƙarfi. Sanyin da muke kuka da shi a Disamba da Janairu, wanda ke sa a hura wuta da asuba, yawanci a wajen digiri 12 zuwa 15 yake tsayawa da dare, rana na fitowa kuma gari ya ɗume. A wurin tsiron, hunturu bai zo ba ke nan.

Ta biyu zafin bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan taɓa digiri 40, kuma iskar busasshiya ce. A irin wannan yanayi kilematis tsayar da girma yake yi, ƙarfinsa duk ya koma ga tsira da rai. Ta uku tsawon yini: a Ingila yinin tsakiyar shekara ya wuce awa 16, a Kano kuwa bai kai 13 ba ko a watan Yuni, kuma tsirran ƙasashen sanyi da tsawon yini da sanyi suke gane lokacin girma da na hutu.

Saboda haka nau'o'in da ke fure a kan tsohon kara su ne mafi wahala a nan, waɗanda ke fure a kan sabon toho kuma su ne ke da damar yin fure. Bambancin yana cikin amsar tambayar aski, wato datse rassa, sunayensu kuma suna cikin amsar nau'o'in da ke jure zafi. Wanda yake da gida a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ko a tsaunin Mambila, ya fi na Kano samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Ya kusa shekara da dasawa, ko fure ɗaya bai yi ba. Ya lalace ke nan?

Ba lallai ba ne. Ko a ƙasarsa kilematis yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku kafin ya kafu ya yi fure sosai, domin a shekarar farko saiwa yake shimfiɗawa. Idan yana fitar da sabon toho daga gindi, karan kuma yana ƙara kauri, to yana kan hanya. Abin damuwa shi ne siririn kara guda ɗaya da ya miƙe sama, ba ya rassa, ganyen ƙasa duk sun zube. Irin wannan a datse shi ya koma kamar santimita 30 daga ƙasa, a saman idanu biyu masu lafiya, don ya fito da karare uku ko huɗu. Hannu yana nauyi wajen yanke abin da aka yi wata da watanni ana reno, amma kara ɗaya ba ya cika katanga da fure.

Ganye ya yi kore shar, ya yi duhu, amma babu fure. Me ya jawo?

Sau da yawa taki ne ya yi yawa, musamman mai sinadarin naitirojin. Mu nan da takin masara muka saba, kuma shi ake samu a kasuwa cikin sauƙi. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, NPK 20-10-10 shi ma ganye yake turawa. Haka ɗanyen kashin kaji. Duk waɗannan suna sa tsiron ya yi ta zuba ganye da laushin kara, ya bar fure, kuma laushin nan shi ne ƙwari suka fi so. Idan mai kula da lambunku yana watsa wa ciyawar tsakar gida yuriya, kilematis kuma yana gefenta, to yana sha ko ba a ba shi ba.

Dalili na biyu inuwa ce mai yawa, kamar ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, ko lungun da ke tsakanin gini da katanga. Alamarta ita ce tazara mai tsawo tsakanin ganye da ganye. Duba amsar rana da inuwa. Idan ba taki ba ne, ba inuwa ba ce, to ku tambayi kanku yaushe aka yi masa aski na ƙarshe.

To wane taki ya dace da shi?

A ƙasa, ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki wanda ya kwana biyu har ya daina wari da zafi. A gauraya shi da ƙasa tun lokacin dashe, a ƙara kaɗan a saman gindi sau ɗaya ko biyu a shekara. A na zamani, NPK 15-15-15 ya fi 20-10-10, cokali ɗaya na cin abinci ga babbar tukunya, nesa da kara, a bi shi da ruwa. Idan toho ya miƙe kuna jiran fure, takin da ya fi yawan fotash shi ake so, irin wanda ake haɗa wa tumatir. Tokar itace ma tana da fotash, amma ɗan barbaɗe ya isa, don yawanta yana canja ƙasa har ganye ya koma rawaya.

Kada a zuba taki a busasshiyar ƙasa, kada kuma a ba shi a tsakiyar zafin Afrilu. Tsiron da ya tsayar da girma ba ya ɗaukar takin, sai ya taru ya ƙone saiwa.

An ce yana son rana ta awa shida. A fili zan ajiye shi?

Awa shidan Ingila aka faɗa, ba na Kano ba. A nan abin da yake bukata shi ne ranar safe, daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe 11, daga nan kuma haske ba tare da rana ta doke shi kai tsaye ba. Katangar da ke fuskantar gabas ita ce ta ɗaya. Wadda ke fuskantar yamma ita ce mafi muni, domin tana shan rana daga azahar zuwa bayan la'asar, bulon ya riƙe zafin yana sakinsa har dare.

Batun kudu da arewa kuma sai an lura, don a nan ne littattafan Turai suke ɓatar da mu. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa kusan ƙarshen Agusta rana tana ɗan karkata ta arewa da tsaka, sauran shekara kuma ta kudu take bi, a Disamba ta karkata sosai. Ma'ana katangar da ke kallon arewa tana cikin inuwa a mafi yawan rani, mai kallon kudu kuwa tana gasuwa. Wurin da kuka ga inuwa a Janairu ba lallai ya kasance da inuwa a Yuni ba. Idan babu wuri mai kyau, a kafa rumfar zana ko ragar inuwa a ɓangaren yamma daga Maris zuwa saukar ruwa. Masu launi mai haske irin su Nelly Moser suna koɗewa da sauri a rana mai ƙarfi.

Me ya sa ake ta maganar sanyaya gindinsa?

Domin saiwarsa ba ta jure zafi da bushewa, kuma a Kano nan ne aka fi rasa shi. Baƙar tukunyar roba da aka ajiye a kan siminti ko intalok tana zafin da hannu ba ya iya taɓawa da rana, saiwar da ke manne da jikinta kuma ta dahu. Ganye zai iya zama kore a sama alhali ƙasa ta lalace, kuma saiwa mai rauni ba ta ɗaukar nauyin fure.

Tukunyar ƙasa ta fi, domin tana tsatstsafo da ruwa ta jikinta tana sanyaya abin da ke ciki kamar yadda randa ke yi wa ruwan sha. Zurfinta da faɗinta kada su gaza santimita 45, a huda ƙasanta, a ɗora ta kan bulo. Wasu sukan saka tukunyar cikin wata babba su cika tsakani da yashi mai laima, wasu su naɗe ta da buhun algarara suna jiƙawa. Duka biyun suna aiki. Saman ƙasar a lulluɓe shi da buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye, kauri kamar yatsu uku, amma a bar ɗan fili kewaye da karan, a riƙa ɗagawa ana duba gara. Shawarar da ake bayarwa a Turai ta jera duwatsu ko fale-fale a gindinsa ba tamu ba ce: dutsen da rana ta doka a nan ƙara zafi yake yi.

Idan a ƙasa za a dasa, a matsa kamar santimita 45 daga jikin katanga, domin ƙasar da ke manne da harsashin gini ta fi bushewa, kuma galibi cike take da ɓaraguzan siminti.

Sau nawa za a ba shi ruwa?

Ba a ƙidaya shi da kwanaki, da yatsa ake aunawa. A tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu: idan da laima a bari, idan a bushe take a ba shi har ruwa ya fito ta ƙasan tukunya. A bazara hakan zai iya zama kullum, da sassafe ko bayan magariba. A hunturu ƙasa ba ta saurin bushewa kamar yadda ake zato, ko da iska tana busar da leɓe. Yayyafin sama-sama kullum ba ya amfani, yana jawo saiwa ta taso saman ƙasa inda zafi yake.

A watan Agusta matsalar juyawa take yi. Ruwa yana kwanciya, saiwa ta ruɓe, tsiron ya yi yaushi kamar mai jin ƙishi, mai shi kuma ya ƙara masa ruwa. A janye tukunya daga ƙarƙashin indararo. Na san ruwa tsada gare shi ga mai saye a wurin 'yan ga-ruwa, amma ruwan wanki da na wanke-wanke mai sabulu ko omo ba na kilematis ba ne. Ruwan alwala ko na wankin kayan miya babu laifi. Idan kun ga farin gishiri ya taru a bakin tukunya, ku kwarara mata ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke shi.

Mene ne wannan rukuni na 1, 2 da 3 da ake rubutawa a jikin takarda?

Rabon aski ne, kuma kuskure a nan kaɗai ya isa ya cinye furen shekara guda. Rukuni na 1 su ne masu fure da wuri a kan karan bara, irin su montana, alpina da armandii. Idan aka datse su kafin su yi fure, an zubar da furen gaba ɗaya. Sai bayan sun gama ake rage su, shi ma kaɗan.

Rukuni na 2 su ne masu manyan furanni irin su Nelly Moser da The President. Suna fure na farko a kan gajerun rassan da suka fito daga karan bara, daga baya su sake yin wani a kan sabon toho. Askinsu mai sauƙi ne: a bi kowane kara daga sama a sauko har inda aka ga idanu biyu masu ƙarfi, a yanke a samansu, a cire matattu. Tsohon karan kilematis ruwan ƙasa ne, siriri, har ɓawonsa yana saɓulewa, shi ya sa masu share lambu suke ɗaukarsa matacce su yanke. Ku kankare shi kaɗan da farce: idan cikinsa kore ne, yana da rai.

Rukuni na 3 suna fure ne a kan karan da ya fito a shekarar kawai: viticella, texensis, tangutica da Jackmanii. Waɗannan ana datse su ƙasa-ƙasa, santimita 15 zuwa 30 daga gindi, sau ɗaya a shekara. Idan aka ƙyale su, furen yakan koma can ƙololuwa, ƙasa ta zama tsirara.

Takardar ta ɓace, ban san rukunin nawa ba. Yaya zan yi?

Ku ajiye almakashi shekara guda, matattun rassa kawai za ku cire. Idan fure ya fito a kan gajeren reshe daga tsohon kara, na 1 ne ko na 2. Idan a ƙarshen dogon sabon kara kore ya fito, na 3 ne. Idan bai fito ba sam bayan an gyara taki, inuwa da gindi, ku gwada datse rabin karare ƙasa-ƙasa ku bar rabi, ku ga wanne ne zai amsa.

Littattafai sun ce a yi aski a Fabrairu ko Maris. Haka za mu yi a Kano?

A'a. A Ingila wannan lokacin ƙarshen sanyi ne, tsiron yana shirin shiga watanni masu daɗi. A Kano kuwa ƙofar bazara ce. Wanda ya datse a Fabrairu, sabon tohonsa mai laushi zai fito daidai lokacin da gari ya fi zafi, ya ƙone kafin ya ƙulla fure.

Dalilin askin za a bi, ba sunan watan ba: ana datsewa ne gab da lokacin da tsiro zai ji daɗin girma. A ganina muna da irin wannan lokaci sau biyu. Na farko idan damina ta kankama, wajen Yuni, zafi ya sauka iska ta yi laima. Na biyu farkon Nuwamba, idan zafin kaka ya wuce dare ya fara sanyi. Ga rukuni na 3 na fi karkata ga Yuni, saboda yini ya fi tsawo kuma ba a fama da ruwa. Nuwamba ta fi dacewa da sabon dashe, don saiwa ta sami wata uku ko huɗu tana kafuwa kafin Maris. A bazara kuma, ko ganye ya bushe ya yi muni, a bar shi a jiki, yana yi wa karan inuwa.

Yana ƙulla fure, amma sai ya bushe ya zube kafin ya buɗe. Me ke faruwa?

Wannan labari ne mai daɗi ta wani ɓangaren, domin ya nuna nau'in naku yana iya fure a nan. Abin da ya fi jawo zubewar shi ne ƙasa ta bushe ƙaƙas sau ɗaya a daidai lokacin, ko iska mai zafi ta buge shi, ko an ɗauke tukunya an canja mata wuri. Duba amsar ban ruwa da ta sanyaya gindi.

Sai ƙwari. Ku juya ganye ku duba bayansa. A lokacin ƙura akwai wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari masu saƙa siririn zare kamar na gizo-gizo, suna sa ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya koɗe. Akwai masu taruwa a kan sabon toho suna tsotsa, suna barin danƙo da tururuwa ke bi, akwai kuma farare masu kama da auduga. Wanke ganye da ruwa ta sama da ƙasa sau biyu a mako yana rage su sosai, yana kuma cire ƙurar hunturu. Idan sun yi yawa a fesa ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa aka tace, da yamma, ba cikin rana ba.

Jiya lafiya lau, yau reshe guda ya yi yaushi ya yi baƙi. Cuta ce?

Akwai cutar da aka san kilematis da ita, wadda wata ƙwayar fumfuna mai suna Calophoma clematidina ke kawowa. Tana shiga ta rauni ko ta ganye, ta toshe hanyar ruwa a cikin kara, sai duk abin da ke sama ya zube cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa ana gab da fure. Masu manyan furanni ta fi kamawa, viticella da sauran masu ƙananan furanni kuwa suna da juriya. A yanke karan har inda yake da lafiya, ko da a ƙasa ne, a ƙone abin da aka yanke, a goge almakashi da sifirit. Yawanci ba ta kashe saiwa. Shi ya sa ake dasa masu manyan furanni da ɗan zurfi, a binne wuyansu santimita 5 zuwa 8, don idanun da ke cikin ƙasa su sake tohowa. Kada a yi saurin zubar da tukunyar.

Kafin ku ɗora wa cutar laifi, ku duba abubuwan da suka fi kusa da mu. Iskar farkon damina tana karya karan a gindi ba tare da ya rabu ba. Gara tana cin sa ta ƙasa. Ruwa yana ruɓar da saiwa. Yaushin zafin rana kuma yana warwarewa da kansa bayan magariba, na cuta ba ya warwarewa.

Ya ƙi hawa katanga, a ƙasa yake tattaruwa. Hakan yana shafar fure?

Yana shafa, domin ganyen da ya cukurkuɗe a ƙasa ba ya samun haske da iska. Kilematis ba ya manne wa bango. Da siririn wuyan ganyensa yake naɗe abu, kuma wuyan gajere ne, ba ya iya kewaye bututu ko katako mai kauri. Abin da bai fi kaurin fensir ba shi yake so: igiya, sirarran tsumagu, ko raga. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Wayar ƙarfe tana zafi a rana har ta ƙone toho, don haka igiya ta fi a wurin da rana ke bugawa. Karan da aka kwantar a kaikaice aka ɗaure sako-sako yana fitar da rassa masu fure fiye da wanda aka bari ya miƙe tsaye.

Waɗanne nau'o'i ne suka fi jure zafi?

Clematis texensis, ɗan asalin jihar Texas ta Amurka, mai jan fure kamar ƙaramar ƙararrawa, da waɗanda aka haɗa daga gare shi. Clematis crispa da viorna, daga kudu maso gabashin Amurka inda ake zafi da laima. Sai viticella, ɗan kudancin Turai. Dukkansu na rukuni na 3 ne. Su ma sun saba da sanyin hunturu a ƙasashensu, saboda haka suna iya yin fure shekara ɗaya ko biyu a nan sannan ƙarfinsu ya riƙa raguwa. Montana da alpina kuwa, 'yan tsaunuka ne masu sanyi, ba na ba kowa shawarar kashe kuɗinsa a kansu a Kano.

Irin da na saya ta intanet bai tsiro ba. Ko in sa a kawo mini dashe daga waje?

Irin kilematis yana da jinkiri. Wasu nau'o'in sukan yi watanni, har shekara ko fiye, kafin su tsiro, kuma da yawansu sai sun sha sanyi tukuna. Ana iya zuba irin cikin yashi mai laima a leda a saka a firij, ba firiza ba, na wata biyu zuwa uku, in dai wutar tana samuwa. Ko ya tsiro, sai an jira shekaru kafin fure. Sannan masu manyan furanni ba sa gadon kamannin uwarsu ta hanyar iri, don haka duk wanda ya sayar muku da iri da hoton Nelly Moser, ba abin da ke hoton za ku samu ba. Ana yaɗa su ne ta yankan kara, ko a kwantar da reshe a binne tsakiyarsa har ya yi saiwa sannan a raba shi da uwar.

Shigo da tsiro mai rai daga waje yana bukatar izinin hukumar NAQS mai kula da killace tsirrai da dabbobi, da takardar shaidar lafiyar tsiron daga ƙasar da ya fito. Dokar tana kare gonakinmu ne daga baƙin cututtuka, bai kamata a ɓoye shi a cikin akwati ba.

Akwai yara da awaki a gidan. Yana da illa?

Yana da ita. Ruwan jikinsa yana ɗauke da sinadarin protoanemonin, mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fata, da raɗaɗi a baki da ciki idan aka tauna. Ɗacinsa yakan hana a ci da yawa, amma a ajiye shi inda yara da dabbobi ba sa kaiwa, a sa safar hannu wajen aski, kada kuma a zuba yankakkun rassansa cikin harawa.

Boganbiliyata tana fure ba tare da wahala ba. Ba zan yi wa kilematis irin renonta ba?

Renonsu kishiyar juna ne. Boganbiliya (Bougainvillea) 'yar Kudancin Amurka ce, tana son rana tun safe har yamma, kuma ƙarancin ruwa ne ke tunzura ta ta yi launi, shi ya sa katangun Nasarawa da Bompai suka fi kyau da rani. Idan taku ta ƙi fure, a rage mata ruwa da taki a fitar da ita rana. Kilematis kuwa idan aka hore shi da ƙishi, zubar da furen yake yi. Kada a haɗa su rami ɗaya ko layin ban ruwa ɗaya. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne yawan naitirojin yana hana su duka biyun fure.

Yaushe zan haƙura, kuma me zan dasa a madadinsa?

Idan ya cika shekara uku, an gyara masa wuri, gindi, taki da aski, amma ko ƙullin fure bai taɓa yi ba, kuma tohon kowace shekara yana fin na bara sirantaka, to rashin sanyi ne, kuma wannan ba ya gyaruwa da taki. Idan kuna da ɗan'uwa a Jos, ku aika masa da shi cikin damina.

Masu hawa katanga da ke son yanayinmu suna nan. Combretum indicum yana fitar da fure fari da ke rikiɗa zuwa ruwan hoda sannan ja, da ƙamshi da dare. Antigonon, ɗan ƙasar Meziko, yana zuba gungun furanni ruwan hoda kuma yana jure fari, sai dai yana bazuwa idan ba a tsare shi ba. Mai son shunayya irin ta Jackmanii ya nemi Petrea volubilis. Mai son faffaɗan fure mai zane ya nemi dangin Passiflora. Ku je wa masu sayar da dashe na bakin titi da hoto a waya, domin ba kowa ne ya san su da waɗannan sunaye ba.

Mafi sauƙinsu Clitoria ternatea, mai shuɗin fure, ɗan dangin wake. Ana ɗan goga irinsa a jikin siminti, a jiƙa shi ya kwana, a shuka a farkon damina a gindin igiyar da kilematis ya bari. Cikin wata biyu zuwa uku yake fara fure, kuma ba ya bukatar yuriya, domin saiwarsa tana samar wa kanta naitirojin kamar sauran danginsa.